A Bar Ta ko a Janye Ta? Lokacin da Sabuwar Manhaja Ta Fito da Matsala

Ranar Laraba 1 ga Agusta, 2012, da ƙarfe 9:30 na safe aka buɗe kasuwar hannun jari ta New York kamar kullum. Kafin goma da kwata, wani kamfanin dillancin hannun jari mai suna Knight Capital ya tafka asarar da ta haura dala miliyan 440. Ba ɓarawo ne ya shige su ba, ba kuma ɗan kutse ba. Sabuwar manhaja suka ɗora.

Kamfanin yana da manyan kwamfutoci takwas da ke karɓar odar masu saye da sayarwa su miƙa ta kasuwa. A kwanakin da suka gabata an ɗora sabuwar siga a kan bakwai, aka tsallake ta takwas, kuma babu wani ma'aikaci na biyu da aka sa ya bi sawun aikin. A cikin manhajar akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire shi ba. Masu rubuta sabuwar sigar kuwa sun ari alamar da a da take tayar da Power Peg, suka ba ta sabon aiki. Da oda ta fara shigowa ɗauke da wannan alama, kwamfutoci bakwai suka yi abin da ake so, ta takwas ta tashi tsohon da ke barci. Shi kuma tun 2005 aka ɗauke masa abin da ke ƙirga masa ciniki ya ce masa ya isa haka. Sai ya yi ta aika oda babu tsayawa: cinikayya kusan miliyan 4 a kan hannayen jari iri 154, cikin minti 45.

Abin da ya sa na fara da wannan labari shi ne matakin da injiniyoyin suka ɗauka ana cikin ruɗanin. Sun yi abin da kowane mai hankali zai fara tunani: tunda sabon abu muka ɗora matsala ta tashi, to a cire sabon. Suka cire sabuwar sigar daga kwamfutoci bakwai ɗin da ke aiki lafiya. Alamar nan kuwa ba ta daina zuwa a jikin oda ba, don haka kwamfutocin da aka mayar baya su ma suka shiga tayar da Power Peg. Hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, wadda daga baya ta ci tarar kamfanin dala miliyan 12, ta rubuta a rahotonta cewa wannan mataki ya ƙara dagula lamarin. An gudu ba a tsira ba. Kamfanin bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, a 2013 aka haɗe shi da wani.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin komawa baya kuskure ne. Ni a ganina, a mafi yawan lokuta shi ne daidai, kuma wanda ke cewa a bar sabuwar sigar a gyara ta a kan tafiya, shi ne ya kamata ya kawo hujja. Dalilin a fili yake. Tsohuwar sigar an san halinta, ta yi watanni tana aiki, an san inda take ɗingishi. Gyaran da za a rubuta yanzu, waya na ta ƙara, shugabanni na tsaye a kan mutum, babu wanda ya taɓa gwada shi. Sannan ba sai ka gano musabbabin matsala kafin ka janye ba, ya ishe ka ka san ta fara ne bayan an saki sabon. Bincike ya zo daga baya, lokacin da jama'a suka samu suna aikinsu. A Yulin 2019, wata ƙa'ida guda da Cloudflare, kamfanin da ke ba shafukan intanet kariya, ya ƙara a katangar tsaronsa ta cinye ƙarfin kwamfutocinsa a duniya baki ɗaya, shafukan intanet masu yawa suka daina buɗewa. Kashe katangar suka yi gaba ɗaya, cikin minti 27 komai ya dawo, sannan suka zauna gyara. Masu kula da zuciyar Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, ma haka al'adarsu take tun da daɗewa: duk canjin da ya ɓata abin da a jiya yake yi wa mutane aiki, idan ba a samu gyara da wuri ba, cire shi ake yi, komai kyawun niyyar wanda ya rubuta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kalmar "ku ba ni minti goma, na gano inda take" ta jawo asara mai yawa a wannan sana'a. Wanda ya kwashe watanni yana rubuta abu ba ya son a ce an janye aikinsa. Manajan da ya yi wa na sama alkawarin ranar fitarwa ya fi shi ƙin ji. Minti goma ya zama awa uku, kowane gyara ya haifi nasa ɗan.

To ina Knight Capital suka kuskure, tunda janyewa ce ƙa'ida? Sun ɗauka mayar da tsohuwar manhaja daidai yake da mayar da jiya. Alhali manhaja ba ita kaɗai take zaune ba. Tana magana da wasu manhajoji, tana rubutu a rumbun bayanai, tana karɓar saƙonni masu siffar da aka canza don ta. Duk waɗannan sun matsa gaba. Tsohuwar siga a cikin sabon yanayi abu ne da babu wanda ya taɓa gani yana aiki, wato ita ma sabuwar fitarwa ce, sai dai ba a gwada ta ba, kuma cikin firgici aka yi ta. Abin da ya kamace su a safiyar nan shi ne su tsayar da aika oda gaba ɗaya, su yanke na'urar daga kasuwa, kuma ba su da tsayayyen tsarin yin hakan.

Wannan ya kawo mu ga wani cakuɗi da ake yi. Idan aka ce kamfani ya janye sabuntawa, abubuwa daban-daban ake haɗawa a baki ɗaya. Daina rarraba ta ga waɗanda ba ta kai wa ba daban, cire ta daga na'urorin da ta riga ta shiga daban, gyara ɓarnar da ta riga ta yi kuma daban. Na farkon kusan kullum yana da sauƙi, kuma ban san wani dalili na jinkirta shi ba. Sauran biyun ne wahala.

Dubi abin da ya faru ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024. CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta da ke Texas, ya tura wani ɗan ƙaramin fayil ga manhajarsa Falcon da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Fayil ɗin yana sa ran samun bayanai iri 21, manhajar da ke kan kwamfutoci kuwa 20 take bayarwa. Da ta je karanta na 21 sai ta faɗa inda babu komai, kuma da yake Falcon a can cikin zuciyar Windows take zaune, faɗuwarta faɗuwar kwamfutar ce gaba ɗaya. Allo ya yi shuɗi, kwamfuta ta sake tashi, ta sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa. Kamfanin ya gano, ya janye fayil ɗin da ƙarfe 6:27, wato bayan minti 78. A ma'aunin wannan sana'a, sun yi sauri. Amma saurin bai amfani waɗanda abin ya riga ya kama ba, domin kwamfutar da ba ta iya tashi ta hau intanet, ta ina gyara zai same ta? Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Da yawansu sai da mutum ya je gabansu da ƙafarsa, ya tashe su ta hanyar gaggawa da Windows ke da ita, ya nemo fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291 ya goge. Idan kuma an kulle faifan kwamfutar da BitLocker, sai an nemo mabuɗinta mai lambobi 48 an buga da hannu, kuma a wasu ma'aikatun kwamfutar da ke ajiye mabuɗan ita ma tana cikin waɗanda suka faɗi. Asibitoci suka ɗage tiyata, gidajen talabijin suka ɗauke, a wasu filayen jirgi aka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. Kamfanin jiragen Delta ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar kimanin dala miliyan 500, ya kuma maka CrowdStrike a kotu.

Nan babu gardamar a bari ko a janye. An janye, da wuri ma. Laifin yana can baya, a inda aka yanke cewa fayil irin wannan za a tura wa kowa da kowa a lokaci guda.

Labarin Microsoft a 2018 ya fi nuna ɓangare na uku, wato ɓarnar da aka riga aka yi. Ranar 2 ga Oktoba suka saki babbar sabuntawar Windows 10 ta wannan kaka, kwana huɗu bayan haka suka dakatar da ita, domin ta goge wa wasu mutane fayilolin da ke cikin jakar takardunsu. Ba su sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. Kamfanin ya ce waɗanda suka kai ƙarar asarar fayil ba su wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na waɗanda suka ɗora ba. A takarda, wannan adadi ba komai ba ne, kuma da wani ya so, da ya kafa hujja da shi ya ce a ci gaba. Dakatarwar ita ce daidai. Matsalar da ke ɓata wa rabin jama'a rai, maɓalli ya karkace ko shafi ya yi nauyin buɗewa, ana iya haƙuri da ita har mako mai zuwa. Matsalar da ke cinye hotunan auren mutum ɗaya cikin dubu goma, ko kundin digirinsa, ba a haƙuri da ita ko na awa guda, don komawa tsohuwar Windows ba ta dawo da abin da aka goge. Yawan waɗanda abin ya shafa ma'auni ne, amma ko ɓarnar tana gyaruwa ya fi shi nauyi.

Tela ya san wannan bambanci. Ɗinki idan ya karkace ana farke shi a sake, amma yadin da almakashi ya riga ya bi ta kansa ba ya komawa yadda yake. Yawancin canjin manhaja ɗinki ne. Wanda ya taɓa rumbun bayanai, ya canza yadda ake ajiye su, ya haɗe wasu, ya zubar da wasu, wannan yanka ne. Daga lokacin da sabuwar siga ta fara rubuta bayanai a tsarin da tsohuwar ba ta iya karantawa, hanyar baya ta fara toshewa, kuma kowane minti ƙara toshewa take yi. Za a iya cewa ai akwai kwafin ajiya na daren jiya. Akwai. Amma idan banki ne, mayar da kwafin jiya yana nufin duk kuɗin da aka tura yau, duk albashin da ya shiga, duk cinikin da aka yi, sun ɓace daga littafi.

Bankin TSB na Birtaniya ya ɗanɗana wannan a Afrilun 2018, lokacin da ya kwashe asusun mutane sama da miliyan 5 daga tsohon tsarin da yake haya a wurin bankin Lloyds zuwa sabon da uwar kamfaninsa ta lokacin, Sabadell na Sifaniya, ta gina. Bayanan sun ƙaura lafiya, sabon gidan ne ya kasa ɗaukar jama'a. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka buɗe suka ga asusun wasu. Babu zancen komawa, domin a ƙarshen mako guda aka kwashe kusan kowa, kuma ciniki ya ci gaba a kan sabon. Dole aka zauna a cikin matsalar ana gyara, abubuwa ba su daidaita ba sai Disamba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumba, abin ya ci wa bankin kimanin fam miliyan 330, sannan a 2022 hukumomi suka ci shi tarar sama da fam miliyan 48. Wanda ya yi hulɗa da bankunan Najeriya a ƙarshen 2024, lokacin da wasu manya daga cikinsu suka sauya manhajar da ke riƙe da asusu, ya san ɗanɗanon abin: kuɗi ya fita bai isa ba, mai POS yana ta ba mutane haƙuri. Masu cewa "su mayar mana da tsohon mana" suna da gaskiyar fushi, sai dai a irin wannan ƙaura, bayan 'yan kwanaki babu tsohon da za a koma.

Yanayi na biyu da ke hana komawa shi ne idan tsohuwar sigar ta fi sabuwar haɗari. A Disambar 2021 aka bankaɗo wata ɓaraka a Log4j, wani ɗan sashe da dubban manhajojin da aka rubuta da harshen kwamfuta na Java ke amfani da shi wajen rubuta abin da ke faruwa a cikinsu. Ɓarakar tana ba ɗan kutse damar sarrafa kwamfuta daga nesa da ɗan gajeren rubutu. Aka fitar da siga 2.15.0 don toshewa, sai aka gano toshiyar ba ta cika ba. Aka fitar da 2.16.0, ita ma aka samu wata matsalar, aka fitar da 2.17.0, duk cikin kwana goma. Babu mai hankalin da ya ce a koma baya, domin a bayan akwai ƙofa a buɗe, kuma masu kutse sun riga sun bazu suna laluben ta. Gaba kawai ake yi, ko da ana tuntuɓe.

Amma ko a harkar tsaro ba kullum amsar take ɗaya ba. A Janairun 2018, bayan an bayyana wani raunin tsaro mai suna Spectre a na'urorin sarrafa kwamfuta, Intel, kamfanin da ke ƙera su, ya fitar da gyara, gyaran ya riƙa sa kwamfutoci suna sake tashi da kansu. Ranar 22 ga watan Intel ya ce a dakata da ɗorawa, Microsoft kuma ya fitar da sabuntawa ta musamman da ke kashe wannan kariya, yana mai cewa rashin daidaiton na iya lalata bayanai, kuma zuwa lokacin babu rahoton an kai wa wani hari ta wannan kafa. Gaba kura baya siyaki, sai aka auna wanda ya fi kusa da cizo. A Log4j harin yana gudana, a Spectre ɓarnar gyaran ce ke gudana.

A wayoyin hannu kuwa, zaɓin ma kusan babu shi. Wanda ya saki manhajarsa a Play Store ko App Store ba shi da maɓallin da zai danna ta koma tsohuwa a wayoyin mutane. Iyakarsa ya tsayar da rarrabawa, sannan ya ɗauki tsohon aikin ya ba shi sabuwar lamba ya sake turawa, ya jira kowa ya sabunta a lokacin da ya ga dama. Apple kansa, da ya saki iOS 8.0.1 ranar 24 ga Satumba, 2014, masu sabuwar iPhone 6 suka rasa sabis, na'urar karanta yatsa ta daina aiki, cikin kusan awa guda ya cire ta. Waɗanda suka riga suka ɗora sai dai su haɗa waya da kwamfuta su mayar da tsohuwar da kansu, ko su jira 8.0.2 da ta fito washegari.

Shi ya sa kamfanonin da kansu ya waye suka daina jiran ranar matsala kafin su yi wannan muhawara. Suna sakin abu kaɗan-kaɗan. App Store, alal misali, yana da tsarin kwana bakwai: kashi 1 cikin ɗari a ranar farko, sai 2, sai 5, 10, 20, 50, sannan kowa, kuma ana iya tsayarwa a tsakiya. Suna ɓoye sabon aiki a bayan makunni, ta yadda za a kashe shi shi kaɗai ba tare da an taɓa sauran manhajar ba, dabarar da Microsoft ma yake amfani da ita yanzu wajen kashe gyara guda da ya ɓaci a cikin sabuntawar wata-wata. Canjin rumbun bayanai kuma suna raba shi mataki-mataki: a ƙara sabon wuri a bar tsohon, a riƙa rubutawa a duka biyun, sai an tabbatar babu mai buƙatar tsohon sannan a share. Aikin ya fi tsawo, ya fi gundura, kuma shi ne abin da ake fara yankewa idan ranar fitarwa ta matso. CrowdStrike sai bayan ɓarnar ya yi alkawarin sakin irin waɗancan fayiloli daki-daki, da ba abokan cinikinsa ikon zaɓar lokacin da za su karɓa. Makunnan ma suna da nasu sharrin idan aka bar su suka tsufa ba a share ba, ai tsohon makunni ne ya ci Knight Capital.

Saura ƙananan matsaloli, waɗanda su ne mafi yawa, kuma a nan ina tare da masu cewa a bari. Babu manhajar da ke fita babu aibi. Idan sabuwar siga ta gyara abu ashirin ta ɓata ɗaya, kuma ɗayan yana da hanyar kaucewa, ba ya taɓa kuɗi, ba ya taɓa bayanai, ba ya buɗe sirrin kowa, janye ta zalunci ne ga waɗanda suka daɗe suna jiran gyare-gyaren nan ashirin. A faɗa wa mutane gaskiya cewa ga matsala, ga yadda za su kauce mata, ga lokacin da ake sa ran gyara. Yawan kai da komowa ma yana da tsada, mutum ya saba da sabon tsari yau, gobe a mayar da shi tsoho, jibi a dawo da sabon.

Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne wa ke da ikon yankewa. A wurare da yawa injiniyan da ke bakin aiki da tsakar dare yana ganin komai na rushewa, amma sai ya tashi manaja, manaja ya tashi darakta, darakta ya ce a jira safiya. Inda aka san aiki, tun kafin a saki sigar ake rubutawa: idan kurakurai suka haura kaza, ko aka ga alamar bayanai na lalacewa, wanda ke bakin aiki ya janye ba tare da neman izinin kowa ba, kuma babu mai tuhumarsa ko da daga baya ta bayyana bai zama dole ba. Ana kuma rubuta iyakar da idan an wuce ta babu komawa, domin kowa ya san daga nan sai gaba. Ita kanta hanyar komawar ana gwada ta da rana tsaka, lokacin da babu abin da ya ɓaci.

Mai amfani da kwamfuta a gida ko a shago shi ma yana da ɗan rabonsa a wannan lissafi. Bayan babbar sabuntawa, Windows yana ajiye tsohuwar sigar na kwana 10 ne, a cikin wata jaka mai suna Windows.old, daga nan ya share ta don samun wuri. Wanda ya ga firinta ta daina aiki ko manhajar lissafin shagonsa ta ƙi buɗewa, ya ce bari ya ga ko abin zai warware da kansa, ya duba kalanda tukuna. Kafin ya danna komawa kuma, ya kwafe fayilolinsa a wani wuri daban.